Surukina Hedimasta da Awakina Biyu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, wanda ƙauyukan da ke tsakaninmu da Ɗanbatta suka sani da Malam Hedimasta, ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, bayan ya yi jinyar wata biyu. Kafin azahar babu wajen ajiye babur a ƙofar gidanmu. Motoci sai a gonar maƙwabci aka jera su, a kan kunyoyin da ya gama gyarawa, kuma bai ce uffan ba, shi da suka shekara goma sha tara ba sa ga-maciji da mamacin saboda tushen gamba guda ɗaya na kan iyaka. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce shi ya fi kowa kuka.

Ranar sadakar uku tsofaffin ɗalibansa suka zo daga Kano, wasu da furfura, wasu da tumbi. Ɗaya daga cikinsu, wai daga Rijiyar Zaki ya taso, ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa Inna, uwar mijina, gaisuwa. Ya miƙo bayan hannunsa yana nuna tabon da rular Malam ta bar masa tun yana aji huɗu, yana cewa ba don tabon nan ba da yanzu rake yake sayarwa a tasha. Mata suka ɗauki “Allah sarki”. Inna ta share hawaye ta ce ai shi haka yake, faɗansa duk ƙauna ce. Ni ina gefe ina raba wa baƙi gumba, idona a bushe ƙamas, kuma na san ana lura da ni. Gwaggon maigidana ta dafa kafaɗata ta ce, “Ke kam kin yi rashin uba.” Na ce haka ne, Gwaggo, don abin da ake faɗa ke nan.

Kafin a yi bakwai sun gama ƙera wani sabon mutum, mai fara'a, mai haƙuri, mai wasa da jikoki. Ni ban san wannan mutumin ba. Na san malamai sun ce a ambaci mamaci da alheri, ban kuma ja da su ba. Amma shekara goma sha huɗu na yi a gidansa, kuma in aka bar shi a bakin masu ta'aziyya, 'ya'yana za su tashi suna yi wa wani baƙo addu'a da sunan kakansu. Gara in rubuta shi yadda na san shi, ko da za a ce ba ni da kunya. Ba yau aka fara faɗa ba.

Dogo ne siriri, ba ya rabo da jan biro a aljihun gaba ko masallaci zai tafi. In aka kawo masa katin ɗaurin aure, sai ya gyara kurakuran da ke ciki ya mayar wa wanda ya kawo, sannan ya ce Allah ya sanya alheri. In ka ce masa abu ya kusa daidai, sai ya ce kusan daidai kuskure ne da ya sha kwalliya. Gidanmu gidan gandu ne, gona ɗaya, ɗakin hatsi ɗaya, mabuɗi ɗaya, kuma mabuɗin yana cikin lalitarsa. Kowace safiya in ya gama shan kunu sai ya zauna a bakin ɗakin hatsi ya yi awo. Ko'ina a ƙasar nan in an cika kwano sai an bar shi ya yi tozo. Shi kuwa sai ya ɗauko tsohuwar rularsa ta makaranta ya shafe bakin kwanon, abin da ya zubo ya koma buhu. Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa bayan Inna da ƙwaryata ina kallon rular nan tana wucewa. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, wannan zan faɗa. Ba mu kuma taɓa samun ragowar tuwon da za a ɗumama da safe ba.

Ba ya kiran sunana, ni ma ba na ɗaga ido in dube shi. Wannan ba laifinsa ba ne, surukuta ce, haka muka tarar. Laifinsa shi ne yadda ya mai da kunyar nan bulala. Tunda ba zai yi mini magana ba, sai ya yi wa Inna, da muryar da ya saba kaiwa ƙarshen aji. Sunana a bakinsa “wasu mutane”, in ransa ya ɓaci sosai kuma “mai difloma”. Wasu mutane sun bar tsintsiya a hanya. Mai difloma ta zuba gishiri kamar ba da kuɗi ake saye ba. Ba ni da bakin ramawa, sai in shiga ɗaki in cije leɓe in fito in ci gaba da aikina.

Diflomar gaskiya ce, tana cikin leda a ƙasan akwati. Maigidana ya yi noman rani a Watari, shekara biyu a jere tumatir yana karya shi, sai ya bi motar albasa zuwa Kudu. Watan da ya samu ya aiko, watan da bai samu ba ya aiko da gaisuwa. Ni ina gida da yara uku, ina matsar man gyaɗa ina tuyar ƙuli-ƙuli. Abu ɗaya nake nema a duniya, in sami aikin albashi in daina tsayawa a bakin ɗakin hatsin nan. Sau biyu na zauna jarrabawar ɗaukar aiki a Kano, irin wadda ake yi a kwamfuta, tambaya hamsin cikin awa ɗaya, ba a shiga da kalkuleta. Turanci ba ya ba ni wahala. Lissafin riba da faɗuwa ne ke kayar da ni, ni da nake sana'a tun ina 'yar shekara tara. Lokacin da wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikatan ofis, saura wata biyar in cika talatin, su kuma wuraren nan ba sa ɗaukar wanda ya kai talatin. In na faɗi wannan karon, to ni da ƙwaryata sai abin da Allah ya yi.

Maigidana ya kira mahaifinsa ya roƙe shi ya koya mini. Daga ɗakina nake jin amsar, don Malam bai iya waya a hankali ba. Ya ce a gidan nan ba a taɓa yin suruki ya shimfiɗa tabarma shi da matar ɗansa ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ce wadda ta yi shekara biyu a babbar makaranta ta fito ba ta san kashi cikin ɗari ba, ba malami take bukata ba, addu'a take bukata. Ya kashe wayar ba sallama.

Washegari bayan la'asar sai na ji ana jan kujera. Ya ɗauko kujerarsa daga zaure, inda take tun kafin a kawo ni gidan, ya dasa ta a jikin katangar sashena, wajen da Inna ke zama tana ɓarar gyaɗa. Ya yi gyaran murya.

“Ke,” ya ce wa Inna, “in kika sayi buhun gyaɗa dubu arba'in kika sayar dubu hamsin, ribarki kashi nawa ce cikin ɗari?”

Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce ita ina ruwanta, in ta ci riba ta gode wa Allah. Ya maimaita, kalma ɗaya bayan ɗaya, yana fuskantar katanga. Sai a karo na uku na gane da wa ake. Na yi lissafi da gawayi a jikin murfin tukunya, na leƙo na raɗa wa Inna ta ce ashirin.

“Wai ashirin,” in ji Inna.

“Ki tambayi mai ashirin, dubu goman nan wa ya nemo ta? Arba'in ɗin da ta fita daga hannunta, ko hamsin ɗin da ta shigo?”

Amsar ashirin da biyar ce, don dubu goma rubu'in arba'in ce. Ni kuwa da hamsin na auna ta, kuma da haka na faɗi jarrabawa biyu ban sani ba. Shi jahilci ya kira abin, amma ba jahilci ba ne. Mu masu sana'ar cikin gida ba daga kuɗin saye muke fara lissafi ba. Da yamma in ciniki ya ƙare, mace ta kwance bakin zaninta ta zube abin da aka samu, ta ware na gyaɗa gefe, ta dubi abin da ya rage, ta dubi tulin gaba ɗaya, ta ce yau cikin biyar na ci ɗaya. Haka mahaifiyata ta yi, haka kakata ta yi, ba wadda ta karye. Masu jarrabawa kuwa da uwar kuɗi suke auna riba. Kuma suna sane da irin amsarmu, suna ajiye ta a cikin zaɓi huɗun nan, ka gan ta ka ji daɗi ka danna ka wuce kana murna.

Haka muka shiga makarantar katanga. Kullum bayan la'asar shi yana can, ni ina nan, Inna tana tsakiya tana kai da kawo lambobin da ba ta san amfaninsu ba. Wani lokaci in ce talatin da biyar ta isar da hamsin da uku, in sha zagin da ba nawa ba. Dabararsa ɗaya ce, ya ce kowace tambaya a mai da uwar kuɗi ɗari. An sayar da tunkiya dubu talatin da uku, an ci riba kashi goma, nawa aka saye ta? Ni sai in cire kashi goma daga talatin da ukun, in sami wata lamba mai ɓarɓashi. Shi sai ya ce wa Inna ɗari ce ta zama ɗari da goma, a raba talatin da ukun gida ɗari da goma, kowane gida ɗari uku, a ɗebi gida ɗari, ga dubu talatin ɗinki. Da na kama wannan sai tambayoyin suka fara buɗewa. Ba zan ce bai iya koyarwa ba, ƙarya zan yi.

Amma in na ci, abin da zan ji shi ne “ta gaba”. In na faɗi kuwa sai unguwa ta sani. Matan maƙwabta suka koma sayen mai bayan la'asar, kowace ta zo da kwalbarta ta tsaya tana jan ciniki don ta ji abin da za a ce wa mai difloma yau. Ran nan ya ce wa Inna da diflomar nan haja ce, da ya rubuta faɗuwa ɗari bisa ɗari ya rufe shago. Suka kwashe da dariya a gabana, ina auna musu mai. Da suka tafi na zauna gaban kasko ina tuya ina kuka har ƙulin ya ƙone.

Akwai abu ɗaya da zan sa a nan don gaskiya ne, mai karatu ya ajiye shi inda ya ga dama. A sati na uku 'yata ta tsakiya ta tashi da zazzaɓi har tana sanƙarewa. Babu namiji a gida sai shi. Ya ɗora ta a keke, Inna ta ɗaure ta da zani a bayansa, inda yashi ya yi yawa ya sauka da ita a goye ya tura keken, mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, har asibitin da ke bakin titi. Ya zauna a kanta har ruwan da aka sa mata ya ƙare, ya biya komai. Da suka dawo ya yi sallar la'asar, ya jawo kujerarsa, ya ce wa Inna ciwon yarinya ba ya ɗage jarrabawa, a gaya masa ribar wanda ya sayi ƙwai goma sha biyu biyu suka fashe.

A sati na biyar muka zo kan tambayar da ta raba mu. Mutum ya sayar da kaya biyu a farashi ɗaya, ɗaya ya ci riba kashi ashirin, ɗaya ya faɗi kashi ashirin. Ina ya tsaya? Na ce canjaras. Ya ce a sake. Na ce ashirin ta shigo, ashirin ta fita, canjaras. A wannan ya ƙi yin bayani, wai sai mai canjaras ta gano da kanta. Kwana uku muna abu ɗaya, jarrabawa tana matsowa. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na yi abin da ban taɓa yi ba. Tsohuwar kazata ta shigo tana tona mini shanya, na kore ta, na ɗaga murya yadda za a ji a bayan katanga.

“Ke kuma tsufa ya rikita ki, abin da yake a fili ma sai kin tona.”

Inna ta daina ɓara. Can na ji an ja kujera an mayar zaure, kuma kwana biyu ba a yi darasi ba.

Ina da awaki biyu a turke, ja da fara. Shi da kansa ya sayo mini su a Ɗanbatta wata huɗu kafin nan da kuɗin maina, jar babba dubu talatin, farar ƙarama dubu ashirin. Kiwo nake yi musu don kuɗin mota da hotuna da takardun da hukumar ta nema, in kuma an sami rara in mayar da ƙaramar akuya turke. Matan aure a gidan nan ba sa zuwa kasuwa, don haka tun kafin maganar kaza na roƙi Inna ta roƙe shi ya kai mini su ranar Lahadi. Na zaci zai ƙi saboda fushi. Da sassafe sai ga shi ya kwance su da kansa ya ja su ya tafi.

Gab da magariba ya dawo, ya miƙa wa Inna kuɗi ƙunshi biyu, kowanne ɗaure da roba. Bai ko zauna ba.

“Ki ce wa mai canjaras, kowace dubu ashirin da huɗu. Fara ta ci riba kashi ashirin, ja ta faɗi kashi ashirin. Ta duba ta gaya mana ko hamsin ɗinta ta dawo.”

Arba'in da takwas ce. Dubu biyu ta tafi, huɗu cikin ɗari. Nan take na ga abin da na kasa gani kwana uku. Kashi ashirin ɗin jar daga dubu talatin aka yanke shi, dubu shida ke nan. Na farar kuma daga dubu ashirin ya fito, dubu huɗu. Sunansu ɗaya, girmansu ba ɗaya ba. Na gane sarai. Raina ya sosu, amma na ɗauka kasuwa ce ta yi muni, shi kuma ya sami abin yi mini ba'a. Kasuwa ta Allah ce, na haɗiye.

Ranar Talata matar wani dillalin awaki ta zo sayen mai, tun kafin ta zauna take dariya. Ta ce mijinta ya ce tunda yake dillanci bai taɓa ganin irin cinikin Malam ba. Wani mahauci ya taya jar dubu talatin da ɗaya, Malam ya ce albarka, shi ashirin da huɗu yake so. Aka zaci bai ji ba, aka maimaita masa a kunne. Ya ce ya ji, ashirin da huɗu ko ya koma da ita gida. Mahaucin ya biya ya ja akuya da sauri kada tsoho ya farfaɗo. Farar kuma an tsaya a ashirin da uku, ya ƙi, ya tsaya a rana tun hantsi har la'asar sai da aka cika masa ashirin da huɗu. La'adar dillali ma daga aljihunsa ya biya, ba don tausayina ba, don kada lambobin su ɓaci. Ta ce kasuwar awaki gaba ɗaya hirar da ake yi ke nan.

Dubu bakwai ya miƙa wa mahauci kyauta. Wata huɗu ina ɗauko harawa, ina tankaɗe dusa, ina rage tunkuzar da zan yi ƙuli in ba su. Hannuwana duk tabon mai ne. Ya ɗauki wahalar nan ya zubar don ya ci gardama da matar da ko sunanta ba ya kira. Na je wajen Inna, ta ce ai don ke ya yi. Na kira maigidana, ya ce haƙuri, uba ne. Kowa yana da abin da zai ce mini, babu mai abin da zai ce masa. A ranar na tsane shi, tsana irin wadda ban san ina da ita a cikina ba. Turkena ya zauna wayam, ban sake sa akuya a kai ba sai bayan shekara.

Da yamma ya jawo kujera kamar ba abin da ya faru. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana, na ci gaba da ba da amsa har satin ya ƙare, lamba kawai, ko “ki ce wa Baba” na daina sawa a gaba.

Ranar jarrabawa na hau motar farko daga Ɗanbatta zuwa Kano. Ɗakin jarrabawar babba ne, mun fi ɗari, kowa da kwamfutarsa, agogo yana tafiya a kusurwar allon. Na wuce Turanci, na shiga lissafi. Tambayoyin riba da faɗuwa suka fara zuwa, ina mai da uwar kuɗi ɗari ina wucewa, ina ganin tsohuwar amsata a zaune cikin zaɓi tana jirana. Da na kai ta goma sha bakwai sai na tsaya. Wani ya sayar da rediyo biyu a farashi ɗaya, ɗaya riba kashi ashirin, ɗaya faɗuwa kashi ashirin. Zaɓin farko shi ne ba riba ba faɗuwa. Ko biro ban ɗauka ba. Na danna faɗuwa huɗu cikin ɗari, ba murna nake ji ba, haushi ne. Ji nake kamar ya biyo ni har cikin ɗakin ya tsaya a kaina.

Na iso gida bayan la'asar. Yana zaune a jikin katanga, alhali babu sauran darasi. Babu sannu da zuwa, babu ya hanya.

“Ki tambaye ta,” ya ce wa Inna, “ta awakin ta fito?”

Tun daga Kano nake jiran wannan tambayar, kuma tun kafin mota ta kai rabin hanya na shirya amsa.

“Ki ce wa Baba ba ta fito ba.”

Can ya ce a tambaye ni, ko mai kama da ita. Na ce ko mai kama da ita. Ya tashi ya ɗauki kujerar a hannu ya shiga zaure. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na ci tuwo na ƙoshi.

Bayan sati biyar saƙo ya shigo wayata. Maki sittin ake nema, sittin na samu cif, kowace tambaya maki biyu. Na sha gaya wa kaina cewa cikin tambaya talatin ɗin da na ci, kowace ma za a iya cewa ita ta tsallakar da ni, ba dole sai ta goma sha bakwai ba. Haka ne kuwa. Sai dai na san wadda da na faɗi in da ba a sayar da jar akuyata a wulaƙance ba. Aka kira ni ganawa, aka ɗauke ni, aka tura ni ofishinsu na Ɗanbatta, saura kwana goma sha biyu in cika talatin. Na daina zuwa bakin ɗakin hatsi, na koma sayen nawa. Da Inna ta kai masa albishir ya tambayi maki nawa, aka gaya masa, ya ce sittin ba abin guɗa ba ne.

Shekara uku muka ƙara tare. Bai sake ambaton awaki ba. Ya daina cewa mai difloma, ya rage cewa wasu mutane, in na wuce sai ya mai da kansa ga rediyonsa. Matar dillali ta ce wani lokaci yakan je kasuwar awaki ranar Lahadi ya tsaya yana tambayar farashi, ba ya saye, ba ya sayarwa, ya juya ya tafi. A cikin shekara ukun nan babu ranar da ba zan iya tsayawa kusa da Inna in faɗi kalma biyu ba. Na ga dama na ƙi. Duk sanda zuciyata ta fara yin laushi sai in tuna matan nan da kwalabensu suna dariya, sai ta koma yadda take.

Ranar Lahadin da ta zo kafin rasuwarsa, da hantsi, Inna tana wanki a bakin rijiya, ta ce in kai masa kunu. Na ajiye a bakin ƙofa kamar yadda na saba, kaina a ƙasa, na juya zan tafi. Sai na ji ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, karon farko a shekara goma sha huɗu. Na tsaya. Na ɗaga ido na dube shi, ya zama ƙashi da fata a kan katifa, idanun ne kawai nasa.

“Da gaske ba ta fito ba?”

Babu Inna a tsakani, babu katanga. Kalma biyu kawai ake nema daga bakina. Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito.

“Ba ta fito ba, Baba.”

Ya rufe ido. Ya daɗe yana numfashi, har na zaci barci ya ɗauke shi.

“To, na cuce ki a banza,” ya ce. “Ki yafe mini.”

Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, na fita. Duk wanda ya san magana ya san wannan ba ita ce “na yafe” ba, shi kuwa ya fi kowa sanin bambancin daidai da kusan daidai. Na ce wa kaina in ya ɗan sami sauƙi, ranar Juma'a, zan je in gaya masa. Talata da hantsi ina ofis aka kira ni.

Ban rubuta wannan don in ce mutumin kirki ne ba. Mai tsanani ne, mai girman kai, mai baƙar magana, kuma har yau in na tuna jar akuyata raina yana ɓaci. Da zai dawo ya sake yin abin da ya yi, da na sake tsanarsa. Amma ya tambaye ni gaskiya sau biyu, na biyun da bakinsa, yana kan gadon mutuwa, na hana shi. Ya tafi yana ganin abu ɗayan da ya yi mini iyakar ƙarfinsa zalunci ne kawai da bai haifar da komai ba, kuma ni na bar shi ya tafi da haka. Wannan ba ni da wanda zan ɗora wa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Na yafe. Ta fito. Ita ce ta goma sha bakwai, kuma na ci ta.